Rakiyar Julɗe Zuwa Kasuwar Laraba

Satin da ya wuce samari huɗu suka same ni a zaure ina tufkar igiyar akuya. Suka durƙusa suka gaishe ni, suka ce albarka suka zo nema, ɗayansu zai fito takarar kansila. Har an buga fosta. Suka warware mini ita a kan tabarma, ga yaro ya sha babbar riga ta aro, ya karya hula, ya ɗaga yatsa sama. Na tambaye shi ko ya san aikin kansila. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Baba, mi ac ciki? Zaman majalisa na, da sa hannu ga takardu, sai kuma a jawo ma jama'a ci gaba." Sauran ukun suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Raina ya ɓaci, na ce su tashi Allah ya yi albarka. Bayan sun fita na ga ban sallame su da komai ba, shi ya sa na nemi takarda na zauna. A gidan yari na koyi rubutun boko, kuma ban koye shi don ado ba.

Ni ne Nomau. Na yi kansila zango biyu a mazaɓarmu, can bayan duwatsun Kwatarkwashi. Kafin nan na yi shekara bakwai a ɗaure, kafin ɗaurin kuma na riƙe bindiga. Ba na ɓoye ko ɗaya, kowa a nan ya sani. Ku da kuke ganin kansilanci zaman kujera ne, ku sani aikin da ya fi kowane cin raina a shekarun nan ba shi da alaƙa da kujera. Aikin shi ne in shigar da wani makiyayi mai suna Julɗe kasuwar garinmu ranar Laraba, ya yi cefanensa, in fitar da shi da ransa.

Bindigar ba sha'awarta na yi ba. Manomi ne ni, gero da dawa da ɗan waken suya. Ɓarayin daji suka fara da shanun huɗa, suka koma kan mutane, har suka harbe yayana da rana tsaka yana kan kunya da fartanya a hannu. Muka kai kuka duk inda ake kai kuka, aka ce mu yi haƙuri ana bincike. Sai muka kafa ƙungiyar sa-kai, aka ɗora ni gaba saboda ina da murya da taurin kai. Maƙeri ya ƙera mana harba-ka-ruga, muka sha layu, muka kafa shinge a bakin kasuwa. Dokarmu ta farko ita ce duk mai sanda da malafa ɓarawo ne ko ɗan'uwan ɓarawo, kada ya sake taka kasuwarmu. Ni na faɗe ta da bakina aka yi kabbara. Daga nan muka haye rafi muka cinna wa wata ruga wuta, rugar da ba mu taɓa kama ko maraƙin sata a cikinta ba. A kan wannan aka kama ni, kotu a Gusau ta ɗaure ni.

Ranar da aka miƙo mana kayan fursuna, mu tara 'yan sa-kai muka ce ba za mu sa ba. Mu ba ɓarayi ba ne, garinmu muka tsare, don me za a yi mana sutura irin ta mai satar akuya? Aka karɓe namu kayan, muka zauna da bargo ɗai-ɗai a jiki, muka kuma ƙi cin gabza, wato tuwon gidan yari. Kwana shida muna haka muna jin kanmu manyan maza, alhali ko tsayuwar salla sai mun dafa bango. Akwai wani tsohon gandiroba, Saje Ishaya, Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya kusa ritaya. Ya zo ya tsuguna a gabana ya ajiye kwano ya ce, "Nomau, ka ce kai ba ɓarawo ba ne, na yarda. Amma ɗakin nan mutum sittin ne, rabinsu ma ba a kai su kotu ba. Kai da Allah ya ba ka murya, za ka kashe kanka a kan riga ne, ko za ka buɗe ido ka ga yadda ake raba abinci a nan?" Na ji haushinsa ƙwarai, amma na duba. Mai ƙarfi yana cin rabo biyu, tsofaffi da sababbin shiga suna lasar kwano. Washegari na ci, na sa rigar, kafin wata ya ƙare aka naɗa ni sarkin ɗaki.

Rabon gabza shi ne makarantata, kuma wanda bai taɓa raba abincin da bai isa ba ga mayunwata sittin, kada ya zo yana gaya mini shugabanci. Ana kawo shi a rabin duro, da miyar da ba ta fi ruwan wanke kwano kauri ba. Da farko da ido nake rabawa, kullum sai an yi dambe, kullum ni ne azzalumi. Sai na tuna yadda ake rabon naman watanda a garinmu. Na riƙa yanka tuwon kashi-kashi da mara, kowa ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani maɓalli, wani ɗan dutse, a zuba a hula, a kira wanda bai ga zubawar ba ya ɗora kowace alama a kan kashi. Nawa shi ne wanda ya rage. Dambe ya ƙare. Bayan rabo kuma Saje Ishaya yakan ba ni guntun gawayi, yana tsaye ta wajen ƙofa yana faɗa mini baƙaƙe ina zanawa a daɓe. Ina da shekara talatin da wani abu na fara rubuta sunana, 'yan ɗaki suna yi mini dariya suna cewa sarki ya shiga aji ɗaya.

A layin rabon nan na san Julɗe. Dogo ne siriri, ba ya yawan magana, alamarsa kullum guntun igiyar ɗaure maraƙi. Bayan an ɗaure ni aka kama shi a hanya yana dawowa daga Tsafe, ya shekara uku ba a kira sunansa a kotu ba. Wata rana yana ɗaukar kashinsa ya dube ni ya ce, "Sarkin ɗaki, na san ka. Randa kunka ƙone rugarmu kai ka riƙe da jarkar hwetur. Bukkar innata ita ta ta biyu." Na jira ya zage ni ko ya tofa mini yawu, bai yi ba. Ya ɗaga kwanonsa ya duba ya ce, "Amma rabonka daidai na," ya koma gefe ya zauna. Shekara huɗu muka yi tabarmarsa tana gogar tawa. Ban taɓa neman gafararsa da baki ba, shi ma bai taɓa cewa ya yafe ba. An sake shi kafin ni.

Da na fito gari ya tarye ni da kalangu, da zaɓe ya matso kuma dattawa suka ce ni za a tsayar. Kada ku ɗauka don sun ga na yi hankali ne. Namijin da ya ƙone ruga suke so, suna zaton in na hau zan kawo musu bindigogin zamani. Abokin takarata ya bi gida-gida yana cewa a guji tsohon fursuna, bai san talla yake yi mini ba. Na ci ban buga fosta ko ɗaya ba. Ranar rantsuwa a Bungudu aka ba ni hatimi da ɗan akwatin tawada, su ke nan kayan aikin da aka damƙa mini. Sauran ni na nemo: tsohon babur, waya mai tocila, tabarmar zaure mai ɗaukar mutum goma, da ƙafafuna. Babbar riga ita ce ta fi komai rashin amfani, ba ta son babur, ƙaya kuma tana sonta. Zaman majalisar da yaron nan yake mafarki kuwa, a wata sau ɗaya ne in an yi, rabinsa gaisuwa, rabinsa gardama a kan wanda zai zauna kusa da fanka.

Aikina na farko gawa ce. Wata tsohuwa ta yi mini sallama da sassafe, ɗanta ya rasu a asibiti a Gusau, ba ta san yadda ake fito da shi ba. Na goya ta a babur, na bi ofis-ofis, na nemo mota, na kama makara har kabari. Na biyu famfon burtsatse ne da ya lalace. Mata suka yi ta yi mini habaici a bakin rijiya har sai da na kwance kan famfon na ɗaure a bayan babur na kai wa makaniki a Tsafe, na tsaya a kansa yini guda. Sai masu neman takardar shaidar ɗan gari, don makaranta ko aikin ɗamara. Hatimin nan da kuke wa kallon abin wasa, ban taɓa buga shi ga wanda ban san gidan ubansa ba. Ana hura masa iska, a danna a tawada sau biyu, a ɗora takarda a bayan faranti, a buga sau ɗaya ba a maimaitawa. In ka buga wa wanda ba ka sani ba ya je ya yi ɓarna, kai za a zo nema. Kuma masu zuwa zauren kansila ba da godiya suke zuwa ba. Mutumin da ka yi wa hidima tara ka kasa ta goma, ta goman ce zai ba da labari a wurin suna.

Ina wata na biyar a kujera wani mai itace ya kawo mini saƙo cewa ana jirana a mashigin rafi. Na je na tarar da Julɗe zaune a kan dutse, ya rame fiye da yadda na san shi a ɗaure. Sun sake kafa rugar a inda take. Muka gaisa, ya ce, "Nomau, an ce ka zama gwamnati." Na ce kansila dai. Ya ce, "To, shanunmu sun manta ɗanɗanon kanwa. Hatsi sai mun ba mutanen daji saniya su kawo muna, magani ma haka. Samarinmu suna ganin wanda ka ciyar da su, suna bin shi ɗai-ɗai. Da bakinka anka rufe kasuwag ga. Da bakinka za a buɗe ta." Babu roƙo a muryarsa, haka yake magana in ya zo ɗaukar kashinsa na gabza.

Shingen bakin kasuwa yana nan, sai dai yanzu Ɗanjuma ne shugaban sa-kai, mataimakina na da. Na same shi na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Oga, kurkuku ta sanyaya ka. Mun zaɓe ka ka kawo muna ƙarhe, kai kau ka kawo muna Hillani?" Na ce, "Ɗanjuma, ni na sa dokag ga, ni ka cire ta. Wanda duk na riƙa ma sanda baƙona na. Mai son taɓa shi shi hwara da ni." Muka yi ta ja har gaban maigari da liman, sati uku ana zama ana tashi baram-baram. A ƙarshe aka tsaya a kan rakiya, yadda kakanninmu suke shigar da baƙon da gari yake tsoro.

Rakiya aiki ne mai ƙa'ida, ku saurara da kyau. Da hantsi kake isa mashigin rafi, a ƙasa ba a babur ba, domin ƙarar inji tana tayar da hankalin masu shinge. Baƙo zai miƙo maka sandarsa. Makiyayi ba ya rabuwa da sanda, ko salla yake tana gefensa, saboda haka miƙo ta ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a karɓa da hagu. Ka saɓa ta a kafaɗa kowa ya gani. Kai ne gaba, shi a bayanka taku biyu, mata masu ƙoren nono a bayansa. Hannuwansa a sake, a fili. Ba ka sauri, ba ka waiwaye. In kun iso shinge kai za ka yi sallama, ka kira kowane saurayi da sunansa da na ubansa, don ya tuna an san shi. A cikin kasuwa ka tsaya kusa da baƙonka wurin mai kanwa, wurin ma'auna, wurin mai magani. Kada ka bari a tsawwala masa, kada kuma ka sa baki a cinikin, in ba haka ba a ce kana da kaso. Kafin la'asar ka mayar da shi rafi ka miƙa masa sandarsa da hannu biyu.

Larabar farko kasuwa ta yi tsit kamar gidan makoki. Wata mata ta tofar da yawu a gabana ta ce na sayar da jinin yayana. Wani ya jefo ɓawon rake ya same ni a wuya. Da a da ne, da ranar an yi jana'iza, amma ban juya ba, na haɗiye. Julɗe ya sayi kanwa da gishiri da dawa. Innarsa, tsohuwar da na ƙona wa bukka, ta sayar da nononta tas kafin azahar, domin matan nan da suke zagina sun yi shekaru suna dama fura da ruwan tsamiya. Laraba ta biyu mutum bakwai na raka, ta biyar sun fi ashirin, sanduna a kafaɗata kamar mai tallan itace.

Kada ku zaci daga nan sai barci. Da kaka shanun ƙanen Julɗe suka faɗa gonar waken wani dattijo, kafin in ji labari samari sun fara ɗura albarushi. Na isa da gudu ko hula babu. Irin wannan shari'ar ba a yin ta a zaure, a gonar ake yi. Na sa mai gona a damana, makiyayi a haguna, muka bi kunya-kunya muna duba inda baki ya ci da inda kofato ya taka, domin mai gona in ka bar shi har ɓarnar gara da ta ɓera zai ɗora wa saniya. Muka tsaya a kan abin da za a biya, aka kawo ƙwaryar fura, na sa suka sha da ludayi ɗaya a gaban mutane. Damina biyu ina wannan aiki. Ba a taɓa rubuta shi a takardar majalisa ba, ba wanda ya yaba, a zaɓe na biyu ma da ƙyar na sha, domin rabin gari ba su yafe mini ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Mutanen daji suka hana noma gonakin nesa, suna kwasar matafiya a hanya, dawa ta yi tsada, kowane gida da ƙunshin kayan gudu a bayan ƙofa. Masu tsaron shinge suka ƙaru, yawancinsu sababbi ne, ba su san ni da bindiga ba, da dakon sandunan Fulani suka san ni. Idonsu ja, yatsa kullum a kan kunama. A irin wannan shekarar rakiya ta fi wuya, ta kuma fi zama dole, domin in rugar su Julɗe ta rasa kasuwa ba ta da wurin zuwa sai daji.

Wata Talata aka kira ni daga ofishin jam'iyya. Gobe wani babba zai zo Gusau, ana son kowane kansila a filin taro tun da safe da babbar riga, wanda bai zo ba ya san inda ya ajiye kansa. Na ce gobe Laraba, ina da rakiya. Mai kiran ya yi dariya ya ce, "Honarabul, har yanzu dakon sanduna kake? Ka ba su takarda mana. Mene ne amfanin hatiminka?" Ina so ku karanta nan a hankali, domin a nan ne na yi abin da ku kuke kira aikin kansila. Na ji tsoron a cire sunana, na kuma ji daɗin honarabul ɗin nan har cikin ƙashina. Na yagi takarda, na rubuta layi uku da kyakkyawan hannu, na hura wa hatimi iska na buga. Da yamma na kai wa Julɗe rafi. Ya juya ta gaba da baya ya ce, "Wagga ita ka riƙa man sanda?" Na ce ta fi sanda, hatimin hukuma ne, wanda duk ya gani zai kauce. Ya dube ni, ya ninke ta ya tura a 'yar jakar fata da yake ratayawa a ƙarƙashin riga tare da layunsa, inda makiyayi yake ajiye abin da yake girmamawa. A hanyar komawa na yi wa Ɗanjuma magana a tsaitsaye ban ko sauka daga babur ba, yana shan rake ya ce ya ji.

Laraba aka jera mu a rana tun hantsi, gumi yana bin babbar riga. Babban bai iso ba sai bayan azahar, ya yi 'yar magana, bai ko dubi inda muke ba. Ba wanda ya kira suna, balle a san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ana cikin tafi wayata ta yi ƙara. Maigari ne. Ya ce, "Nomau, abin da duk kake ka aje ka taho. An harbi baƙonka bakin shinge."

Na iso da la'asar, kasuwa ta watse, an bar tumatir da takalma a ƙasa. Julɗe yana kwance an rufa masa buhu, sandarsa a gefe. Ɗanjuma ba ya wurin lokacin da abin ya faru, ya tafi cin abinci bai gaya wa kowa komai ba. Samarin suka ga makiyayi shi kaɗai da sanda a hannu, suka daka masa tsawa ya tsaya. Ya tsaya. Suka ce wa ya ba shi izini. Sai ya sa hannu cikin riga zai ciro takardata. Na shaƙe Ɗanjuma a gaban mutane, ina ihu ina cewa wane jahili ne zai harbi mutum bai ga makami ba. Ya ɓamɓare hannuna ya ce, "Kak ka yi man ihu, Oga. Wa ya ce in Bahillace ya sa hannu cikin riga kar a jira a ga abin da za shi hiddowa? Kai ka koya man, ni kau na koya musu." Gaskiya ya faɗa. Ni na koyar da wannan, a bakin wannan shingen, tun samarin nan suna yawo ba wando.

To ku masu fosta, ga sa hannu ga takardu nan. Ina jin haushin wanda ya kira ni, ina jin haushin babban da aka shanya mu a rana dominsa, ina jin haushin Ɗanjuma da cikinsa, amma in an tara su duka ba su kai haushin da nake ji na kaina ba. Abin da na gina da ƙafa damina biyu, na rushe shi da hatimi a yini ɗaya. Tun daga wannan Larabar ba makiyayin da ya sake haye rafin. Da yawa cikin samarin rugar sun shiga daji. Wanda ya yi harbin yana ɗaure har yanzu yana bin layin gabza, ni kuma ban nemi zango na uku ba.

A ranar dai, ba wanda ya yarda ya kama mini makara zuwa ruga. Na ari amalanke na ɗora shi, na ja shanun da kaina, rigar taron tana jikina ta sha jini da ƙasa. Takardar a cikin hannunsa na same ta, sai da na buɗe yatsunsa ɗaya-ɗaya. A mashigin rafi na tarar da mutanen rugar a tsaye, ba mai kuka da ƙarfi. Na yi zaton a nan za su kashe ni, kuma ban ga laifinsu ba. Innarsa ce ta matso, ta yaye buhun ta dubi fuskarsa ta mayar.

Ta ce, "Nan munka zauna da shi tun da sahe, ni da matan ga da ƙorenmu. Yac ce mu jira, Nomau na tahe, takarda dai don hankalinmu shi kwanta ta. Har rana ta take. Sannan yac ce mu koma gida, shi za shi tahi shi kaɗai shi gwada ta, in ta yi aiki shi dawo shi ɗauke mu."

Ta nuna takardar da ke hannuna da haɓa ta ce, "Mi ka rubuta ciki?"

Na buɗe. Jini ya ci gefe ɗaya, amma rubutun yana fita. Na karanta mata: "Na san mai ɗauke da wannan takarda, na san gidansu. Baƙona ne. Kada kowa ya taɓa shi."

Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Magana mai kyau. Ɗiyan nan naku na bakin shinge, sun iya karatu?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "Shi ma bai iya ba. To wa ka rubuta ma wa?"

Na tuɓe rigar, na karɓi fartanya a hannun ƙanensa na shiga haƙan kabarin. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya yi mini magana har muka rufe shi.